Kafin ku kunna majigi a makaranta, ku tambayi mai fim ɗin

A watan jiya shugaban wata firamare mai zaman kanta da ke Sharaɗa ya kira ni. Suna son shirya daren kallon fim na ɗalibai da iyayensu a harabar makaranta. Yawancin iyayen ma'aikata ne a masana'antun Sharaɗa da Challawa, wasu har Bompai suke zuwa aiki, kuma aikin karɓa-karɓa bai bar musu lokacin zama da 'ya'yansu ba. Ya nuna mini lissafinsa: hayar majigi, sifika, kujeru, man janareta, ruwan leda da gugguru. Na ce, "Malam, ina kuɗin fim?" Ya yi dariya ya ce, "Ai yana cikin wayata."

Nan ne muka saba. Ra'ayina shi ne, duk makarantar da za ta tara jama'a ta haska fim, to haƙƙin mai fim ɗin ya kamata ya zo a layin farko na lissafi, kafin kujeru da gugguru.

Kayan aiki ba su ne matsala ba. Majigi mai ƙwan fitila yakan ci kusan wat 300. Idan ka haɗa da sifika da kwamfuta, ka ƙaddara wat 450, wato fim na awa 2 zai ci kimanin wat-awa 900. Batirin inbata mai bolt 12 da 200Ah yana riƙe wat-awa 2,400, ko rabinsa ka ja ya isa, kuma ka huta da ƙarar janareta. Sai dai a kula da ƙananan majigin nan masu araha, hasken da ake rubutawa a kwalinsu sau da yawa cika baki ne. A nemi mai lumen ANSI 2,500 zuwa sama, farin zanin gado ya wadatar a matsayin allo, a fara bayan sallar Isha'i.

Abin da ba a son ji shi ne maganar izini. Kuɗin da ka biya Netflix na kallonka ne kai da mutanen gidanka, haka sharuɗɗansu suka ce. YouTube ma ya hana a ɗauki bidiyonsa a haska wa taron jama'a, ko da kallonsa kyauta ne a wayarka. Wanda ya taɓa gwada madubin allo daga waya zuwa majigi ya ga allo ya yi baƙi ƙirin sai sauti kawai, to ba wayarsa ce ta lalace ba, kulle ne aka sa da gangan.

Dokar ƙasa ma ta yi magana. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta bai wa mai fim ikon amincewa ko hana nuna aikinsa a bainar jama'a. Ta yi sassauci kan koyarwa, amma malamin da ya nuna wani yanki a aji don darasi daban, taron nishaɗi da ake karɓar kuɗin shiga a bakin ƙofa daban. A Kano kuma akwai Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001, wadda ke sa ido kan sinimomi da gidajen kallo. Gara makaranta ta aika mata takarda tun da wuri da a zo a tashi taro yara na kallo.

Na san amsar da za a ba ni: kowa haka yake yi, masu turi na zuba fim a waya da 'yan canji, ita kuma makarantar talakawa ce. Ban musa ba. Amma na taɓa shafe wata huɗu ina gina wata manhajar lissafin shago, da dare, da datar da na saya da kuɗina. Mutum ɗaya ya saya, bayan mako biyu na same ta a wayoyin mutanen da ban taɓa gani ba, an yi ta tura ta da Xender. Ban sake gyara ta ba. Irin abin da ya ci kasuwar faifan Kannywood ta Ƙofar Wambai ke nan, har furodusoshi suka koma YouTube suna jiran kuɗin talla. Makarantar da ke koya wa yaro cewa ɗaukar biron wani sata ne, bai dace ta haska masa fim ɗin sata a allo ba.

Kuma hanyar halal ɗin ba ta da nisa. Idan fim ɗin Hausa ne, mai shi yana nan cikin garin nan. Ku nemi furodusan ta shafinsa ko ta ƙungiyar MOPPAN, ku faɗa masa sunan fim, rana, yawan mutane, da ko za a karɓi kuɗi. Duk abin da kuka daidaita, a rubuta a sa hannu. Ga fina-finan Najeriya baki ɗaya akwai AVRS, ƙungiyar da hukumar haƙƙin mallaka ta amince wa karɓar irin wannan kuɗi a madadin masu fim. Idan aljihu babu komai, Gidauniyar Blender tana da gajerun katun irin su Big Buck Bunny na 2008, waɗanda aka saki da lasisin Creative Commons. Kowa na iya haska su muddin ya ambaci masu aikin.

A ce iyalai 100 ne suka zo, kowanne ya ba da naira 500. An tara 50,000. Ware wa mai fim kasonsa daga ciki ba zai hana a sayi gugguru ba.

Mu matasa masu waya da kwamfuta mu ake kira mu jona wayoyi a irin wannan taro. Idan an kira ka, kafin ka nemi igiyar HDMI, ka tambaya: fim ɗin wa za a haska, kuma ya sani?