A Bar 'Ya'yanmu Su Shiga Gasar Mutum-mutumi

A 2017, sau biyu aka hana 'yan mata shida daga Herat ta Afganistan bizar Amurka don gasar ƙera mutum-mutumi ta FIRST Global. Daga baya aka ba su izinin shiga ƙasar, suka koma gida da lambar azurfa.

Yanzu wasu makarantun Legas ma suna da irin waɗannan ƙungiyoyi. Yaro kan koyi haɗa wayoyi, rubuta wa kwamfuta umarni, da tsayawa gaban alƙalai ya kare aikinsa, abin da mu manya ma kan ji nauyinsa.

Muna roƙon iyaye su bar su su shiga, har da mata. In makarantar gwamnati ta cire ɗanku don ba ɗan asalin jiha ba ne, sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana wannan wariya. Ku kawo kukanku ofishin ƙungiya.