Rawar Gargajiya Da Yawon Babur Ba Aikin Banza Ba Ne

Akwai abubuwa biyu da nakan yi in na sami sarari daga aiki, dukansu biyu kuwa ba su da kyakkyawan suna a wurin waɗansu 'yan'uwa. Na ɗaya shi ne ajin koyon rawar gargajiya da muke yi ranar Asabar da yamma a filin wata makarantar firamare a unguwarmu a Jos, inda dattawa biyu suke koya wa yara da manya. Na biyu shi ne hawan babur sau ɗaya a wata tare da abokai uku ko huɗu, mu fita bayan gari mu sha iska, mu gaida mutanen ƙauye. Waɗansu suna ganin rawa aikin mashaya ne, yawon babur kuwa aikin marasa abin yi. Ra'ayina shi ne, mutum yana bukatar nishaɗi mai tsabta kamar yadda yake bukatar barci, kuma maimakon mu tsawata wa matasanmu a kan waɗannan abubuwa biyu, gara mu shiga ciki mu sa musu ƙa'ida.

Bari in fara da rawa, tun da yake a kanta gardama ta fi zafi. Dattawan da suke ƙyamar ganga suna da dalilinsu, bai kamata kuma mu yi musu dariya ba. Sa'ad da 'yan mishan suka iso ƙasarmu, kamar ƙungiyar SUM da ta fara kafa zango a Wase a 1904, sun tarar rawa da yawa tana haɗe da dodo da yanke-yanke da tulunan burkutu. Iyayenmu na fari da suka ba da gaskiya sun rabu da waɗannan abubuwa da tsada, waɗansu an kore su daga gida, waɗansu an hana su aure. Wanda ya sha irin wannan wuya, in ya ji ƙarar ganga, dole gabansa ya faɗi. Amma a cikin saurin raba kai da tsafi, an haɗa da abin da ba ruwansa da tsafi an zubar. Rawar girbi, da rawar gayyar noma, da rawar kai amarya, da wasan yara a farin wata, duk an yi musu kuɗin goro.

Littafi Mai Tsarki kansa bai yi wa rawa kuɗin goro ba. A Fitowa sura 15, Maryamu ta ja mata da kiɗa da rawa bayan an haye teku. A Fitowa sura 32 kuma, jama'ar nan ɗin ce ta yi rawa a gaban ɗan maraƙin zinariya, ta jawo wa kanta hukunci. Dawuda ya yi rawa a gaban akwatin alkawari, wadda ta raina shi ce ta ji kunya. Rawar 'yar Hirudiya kuwa ita ta ci kan Yohanna Mai Baftisma. Ƙafa ɗaya ce take taka duka. Abin dubawa shi ne wa ake yi wa rawar, a ina, da wane irin zuciya. Mu ma ai mun riga mun yanke wannan hukunci ba tare da mun lura ba. Duk ranar Lahadi Zumuntar Mata takan fito da tulu da kacau-kacau, tsofaffi su rausaya har gaban bagade da baikonsu a hannu, ba wanda ya ce sun yi saɓo.

To, me ake samu a ajin rawa? Na fari, lafiyar jiki. Yawancinmu da muka baro gona muka dawo birni, zama ne aikinmu: a ofis, a shago, a kan keken ɗinki, a cikin mota. Tuwon da kakanninmu suke ci su ƙone shi a bakin garma, mu muna ci ne mu kwanta a kai. Shi ya sa hawan jini da ciwon sukari suka zama abin roƙon addu'a kusan kowane mako. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce babban mutum yana bukatar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako. Uwar gida mai shekara 50 ba za ta sa gajeren wando ta bi titi da gudu ba, ba kuma za ta biya kuɗin gidan motsa jiki ba. Amma a buga mata kiɗan garinsu, za ta yi awa guda tana takawa, gumi yana zuba, tana dariya, ba ta ma san aiki take yi ba.

Na biyu, harshe da tarihi. Yara da yawa da aka haifa a Jos da Kaduna da Abuja ba su jin yaren iyayensu, sai Hausa da Turanci. Rawa ba ta tafiya ita kaɗai, da waƙarta take tafiya, a cikin waƙar kuma akwai sunayen duwatsu da rafuka da irin hatsin da ake shukawa. Na ga yaron da ba ya iya gaida kakarsa da yare, amma bayan wata uku a aji ya riƙe waƙa biyar, ya fara tambayar ma'anarsu. Dubi dukiyar da muke da ita: Asharuwa ta Afizere da sarewarta, kundung na Berom wanda ake ɗaura wa ƙahonin shanu domin ya yi amo, Swange ta Tibi da irin lanƙwasarta. Dubi bukukuwan da suke tara mu kowace shekara: Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu, Tuk Ham a Kwoi, Nzem Berom, Pusdung na Ngas a Pankshin, Puus Kaat na Mwaghavul a Mangu. In tsofaffin da suka san takun sun mutu ba su koya wa kowa ba, wa zai shiga fili nan da shekara 20? Hayar 'yan wasa za mu yi su zo su yi mana rawar kakanninmu?

Na uku, kada mu ruɗi kanmu cewa in mun hana, yara za su zauna shiru. Rawa tana cikin aljihunsu. Duk yarinyar da take da waya ta san rawar da ake yayi a TikTok a wannan mako, ta kuma koye ta a ɗaki, ba idon uwa ba na uba. Wanne ya fi: wannan, ko fili a buɗe da rana tsaka, da sutura ta mutunci, dattijo yana gyara mata taku, ƙannenta suna kallo? A ajinmu akwai Berom da Bajju da Ngas da Tarok, akwai kuma maƙwabta Musulmi da sukan tsaya kallo, wani lokaci su nuna mana Koroso irin ta Kano. A garin da ya sha rikici tun daga 2001, har unguwanni suka rabu gida biyu, fili ɗaya da zai tara mutane su yi dariya tare ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu sai babur. Shi ma ya yi baƙin jini, da dalili. An hana achaba a cikin Jos da Bukuru a 2012, aka hana a Kano a 2013, saboda miyagu sun mai da shi abin aikinsu. 'Yan bindiga da masu garkuwa da mutane a kan babura suke shiga ƙauyuka. Asibitocinmu kuma sun san yawan matasan da ake kawowa da karaya. Duk da haka, babur ɗin nan shi ne yake kai mai bishara ƙauyen da mota ba ta shiga, shi yake kai mace mai naƙuda asibiti da tsakar dare, shi yake fito da dankali da acca daga gona. Laifin ba na ƙarfen ba ne.

Abin da ya sa nake fita da shi yawo, shi ne muna zaune a tsakiyar ƙasa mai kyau amma ba mu san ta ba. Mutum yakan yi shekara 30 a Jos bai taɓa hawa duwatsun Shere ba, alhali ga su nan gabas da gari, tsayinsu ya haura mita 1,800. Mukan wuce Dutsen Riyom da gudu a cikin motar haya, muna gyangyaɗi. Ruwan Assop yana kusa da Hawan Kibo a kan hanyar Akwanga, ruwan Matsirga yana kusa da Kafanchan. Ƙauyen Nok, inda aka fara tono gumakan yumɓun nan a 1928 har sunansa ya zaga duniya, yana kusa da Kwoi. Bature yakan biya kuɗin jirgi ya zo ya gani, ɗan ƙasa kuwa sai dai ya karanta a littafin makaranta. Gani ya kori ji. Kuma ko da yake farashin mai ya ninka fiye da sau biyu bayan janye tallafi a watan Mayu 2023, lita uku ko huɗu sun isa ƙaramin babur ya je Assop daga Jos ya dawo. Mutum nawa ne suke kashe fiye da haka a mashaya a dare ɗaya, ko a shagon caca ta ƙwallo?

Akwai kuma abin da ya fi kallon duwatsu. Tsoro ya sa 'yan birni da yawa sun daina zuwa gida. Bayan hare-haren jajibirin Kirsimeti na 2023 a Bokkos da Barkin Ladi, iyalai da dama sun yanke cewa ƙauye sai dai a waya. Ban ga laifinsu ba. Amma tsohuwar da ta rage a can ba ta cin gaisuwar waya. Tana so ta ga fuska, a zauna a kan tabarma, a sha kunu, a duba rufin ɗakinta kafin damina. Zumunci a ƙafa yake. Duk inda hanya take da lafiya, mutum huɗu a kan babura da ɗan gishiri da sabulu da maganin zazzaɓi a jaka suna iya faranta ran gida biyar kafin la'asar. Ga shan iska, ga lada. Wanda ya dawo daga irin wannan tafiya, ranar Litinin yakan koma aiki da wani irin ƙarfi. Ubangiji ma, a Markus sura 6, da ya ga almajiransa ba su da ko zarafin cin abinci, janye su ya yi zuwa wurin da ba kowa domin su huta.

Sai dai ban ce a saki linzami ba. Nishaɗin da ba shi da ƙa'ida shi yake ɓata sunan sauran. A ajin rawa, a fara da rana a tashi kafin duhu. Kada a kawo giya kusa da filin. A sa dattijo da dattijiya su lura. Rawar da aka san ta dodo ce, ko wadda ake yi wa yanka, a bar ta inda iyayenmu suka bar ta, in kuma ana shakka a tambayi tsofaffin da suka san asalinta. Kada ajin ya ci lokacin sujada ko na karatun yara. Ɗan'uwan da lamirinsa bai yarda ba, kada a matsa masa, kada kuma a kira shi ɗan ƙauye.

A kan babur kuwa, ƙa'idar ta fi tsanani, gama rai ne a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano tun 1 ga Janairu 2009, amma har yau mukan rataye ta a hannun babur kamar ado. A sa ta a kai, a ɗaure igiyar, direba da na baya duka. Kafin a tashi a duba burki da taya da fitila da baƙin mai. A riƙe lasisi da takardun babur da katin shaida, domin a shingen jami'an tsaro ba a jin "ai ni mutumin kirki ne". A bincika dokar hawan babur ta jihar da ta ƙaramar hukumar da za a shiga, tun da takan canza. Kada a tafi mutum ɗaya, kada kuma a yi ayarin da zai firgita ƙauye, gama mutanen da suka taɓa gudu saboda ƙarar babura suna da haƙƙi a kanmu. A buga wa wani a can waya tun jiya, in an isa a fara gaida mai unguwa. In aka ce hanya ba lafiya, a fasa, dutse ba ya gudu. A dawo gida kafin rana ta faɗi. Tsere da ɗaga taya ba su cikin shan iska. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga roƙona ga dattawan ikilisiya da shugabannin matasa da na Zumuntar Mata. Yawancin majami'unmu suna da fili da yake zaune a banza daga Litinin zuwa Asabar. A ba da awa biyu a mako. A nemo tsoho ko tsohuwa da suka san kiɗa da taku, a girmama su da ɗan abin goro, su koya wa jikokinmu tun suna da ƙarfi. Masu babura kuma su haɗa kai, su zaɓi Asabar ɗaya a wata, su rubuta sunayen gwauraye da marasa lafiya na ƙauyukan da za a iya kaiwa, su riƙa zagayawa. Iyaye, in ɗanku ya ce zai je, kada ku ce masa aikin banza ne. Ku tambaye shi da wa zai tafi, yaushe zai dawo, ina hularsa. In da hali ma ku bi shi sau ɗaya ku gani da idonku. Allah ya kiyaye fitarmu da shigarmu, ya ba ƙasarmu salama. Amin.