Sharhi: Kuɗin ƙungiya da mutumin Tarka ke biya a buhun shinkafa

A ranar 29 ga watan Janairun 2025 ne Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS ko CEDEAO. Wata biyu bayan haka, a ƙarshen Maris, ƙawancensu na AES ya sanar da harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ake shigowa da su daga waje, domin tafiyar da harkokinsa. Adadin daidai yake da wanda ECOWAS ke karɓa. Ke nan asusun da kuɗin ke shiga ne ya canza, amma mai biya bai canza ba.

Wanda ke biyan kuwa har da magidancin ƙaramar hukumar Tarka, a yankin Damargu na jihar Damagaram, wanda ke sayar da akuya a kasuwar Belbeji ya sayi shinkafa ko sukari. Ɗan kasuwa ne ke biya a ofishin kwastan, sannan ya ɗora a kan farashi. Bugu da ƙari Nijar na nan a cikin ƙungiyar UEMOA, wadda ke da nata harajin da aka rage daga kashi 1 zuwa 0.8 a 2017. Idan aka shigo da kayan CFA miliyan 10 daga Asiya, jika 50 na AES ne, jika 80 na UEMOA. Kuɗin ba yawa a kan buhu ɗaya, amma da irinsa ake gudanar da waɗannan ƙungiyoyi.

Tambayar da ke biyo baya ita ce: idan ƙasa ta ga tana zubawa fiye da abin da take samu, me za a yi mata? Turai ta daɗe da wannan gardama. A watan Yunin 1984, a taron Fontainebleau na Faransa, Margaret Thatcher ta sa aka amince a riƙa mayar wa Birtaniya kashi 66 cikin 100 na giɓin da ke tsakanin abin da take bayarwa da abin da take karɓa. Hujjarta ita ce mafi yawan kasafin na tafiya ne ga tallafin noma, alhali manoman ƙasarta kaɗan ne. Birtaniya ta fice a 2020, amma rangwamen bai bi ta ba. A kasafin 2021 zuwa 2027, Jamus da Holan da Suwidin da Ostiriya da Denmak duk suna da nasu, inda na Jamus kaɗai ya kai kusan Yuro biliyan 3.7 a shekara. Sauran mambobi ne ke cike giɓin, har da waɗanda ba su kai su arziki ba.

A Afirka ta Yamma ba a rubuta irin wannan rangwame ba, amma ƙasashe na yi wa kansu ta hanyar jinkirin miƙa abin da suka tara. A taron shugabannin ECOWAS na Disambar 2024, shugaban hukumar ƙungiyar Omar Alieu Touray ya ce karon farko ke nan cikin shekara 19 da Najeriya ta biya cikakken kasonta, Naira biliyan 85 da Dala miliyan 54. Wannan ya nuna cewa babbar mamba ma ta shafe shekaru tana riƙe wani ɓangare na kuɗin da aka riga aka cire daga aljihun masu saye.

UEMOA ta taɓa gwada wata hanya. Lokacin da aka soke kuɗin fito a tsakanin mambobinta, ta riƙa biyan diyya ga ƙasashen da kuɗin shigarsu ya ragu, har zuwa ƙarshen 2005. Wannan tsari ya fi amfanar ƙasa irin Nijar da ke saye daga maƙwabta fiye da yadda take sayar musu, saɓanin na Turai da ya fi sauƙaƙa wa masu hali.

AES na da damar da waɗancan ba su yi amfani da ita ba: tsara ƙa'idar rabo tun kafin rigima ta taso. Ƙasashen uku ba su da gaɓar teku, amma ba daidai suke shigo da kaya ba, don haka ba daidai za su zuba ba. Abu biyu ne ya kamata matasa da 'yan ƙasa mazauna waje, waɗanda kuɗin da suke aikowa gida ke sayen kayan, su nema: a riƙa bayyana abin da kowace ƙasa ta tara duk shekara, a kuma faɗi nawa ne ya koma ga rijiyoyin dabbobi da hanyoyin mota a yankuna irin Damargu. In ba haka ba, mutumin Tarka zai ci gaba da biya ba tare da ya san inda kuɗinsa ya kwana ba.