ZARE: Sa wa tsohuwar motar Amurka injekta ba cin amanarta ba ne

1/ Jama'a ku matso. Yau da 'yan "a bar ta yadda kamfani ya ƙera ta" nake. Da zarar an nuna Charger ko Chevelle an cire mata kafireta an ɗaura injekta mai kwamfuta, sai su taso wai an zare mata rai. Ni na ce soki-burutsu ne, kuma ga hujjojina. 🧵

2/ Ga wanda bai san motocin ba: Amurkawa ne suka ɗauki matsakaiciyar mota suka cusa mata ƙaton inji V8. Pontiac GTO ta 1964 ake cewa ta share fage. Zuwa 1970, Chevelle SS 454 LS6 ta fito da inji lita 7.4, ƙarfin doki 450. Dukkansu ta kafireta suke shan mai.

3/ Kafireta dai ba ta tunani. Iska ce ke bi ta wani matsattsen maƙogwaro, saurinta ya zuƙo fetur daga ɗan kwanon da ke gefe, ta cikin wani ƙaramin rami na tagulla. Ramin nan girmansa ɗaya. Yadda aka saita shi bara haka zai wayi gari yau, ko sanyi ake ko zafi.

4/ Shi kuwa inji buƙatarsa kullum canzawa take. Fetur zalla yana ƙonewa tas in iska kashi 14.7 ta haɗu da mai kashi 1 a nauyi. Amma da sanyin safiya yana son mai da yawa, a miƙaƙƙen titi kaɗan, in ka take totur ƙari. Kafireta da cok da 'yan dabaru take kintata wannan.

5/ Injekta aunawa take yi. Sensa ɗaya a bututun salansa tana duba ragowar oksijin a hayaƙi, wata zafin ruwan inji, wata matsin iska a manifol, wata inda totur yake. Kwamfutar, wadda makanikanmu ke kira birenbos, ta tara bayanan ta yanke tsawon lokacin da nozul zai buɗe. Sau da yawa a daƙiƙa ɗaya.

6/ Ɗauki mota da aka saita a bakin teku a Kalifoniya ka hau da ita Denver, garin da ke sama da teku da kusan mita 1,600. Iskar can ba kauri. Kafireta za ta ci gaba da zuba mai kamar tana ƙasa: fulogi ya yi baƙi, mota ta yi nauyi. Injekta kuwa da kanta za ta rage.

7/ Ga inda maganar "asali" ke rushewa. Fetur ɗin da aka ƙera motocin nan dominsa babu shi yanzu. Mai dalma ne, kuma tun farkon 1996 aka hana sayar da shi ga motocin titi a Amurka. Yau yawancin gidajen mai a can fetur mai itanol kashi 10 cikin 100 suke sayarwa.

8/ Itanol yana jawo danshi, yana cin tsohuwar roba. Kuma man yanzu saurin tafasa gare shi a kwanon kafireta da ke zaune kan inji mai zafi. Ka kashe mota ka shiga shago, ka fito ta ƙi tashi sai ka yi ta murza makulli. Wannan ne "ran" da ake ce mana kar a taɓa?

9/ To in za ku yi asali ku yi shi gaba ɗaya mana. Ku nemo fetur ɗin 1969, ku mayar da tayoyin wancan zamanin masu santsi a kwana, ku zuba baƙin man wancan lokacin. Kun amince da sabuwar taya da sabon batir, sai a kan kafireta ne kishin tarihi ya motsa?

10/ Tarihin ma ba ya bayanku. Tun 1957 Chevrolet ta sayar da injekta ta Rochester a injin 283, ƙarfin doki 283. Ta ƙarfe ce, ba kwamfuta. Corvette ta riƙe ta har 1965. Wato injiniyoyin Detroit sun nemi hanyar rabuwa da kafireta tun kafin a haifi GTO.

11/ Mai lantarkin ma an gwada. A 1958 Chrysler ta sa Electrojector ta kamfanin Bendix a wasu 'yan motoci ƙalilan, ciki har da 300D da DeSoto Adventurer. Kayan lantarkin lokacin ba sa jure zafi da danshi, suka yi ta ba da matsala, aka mayar da kusan duka kan kafireta.

12/ Fasahar ba ta mutu ba, hijira ta yi. Bosch ta Jamus ta karɓe ta ta gyara, ta fitar da D-Jetronic a 1967 a Volkswagen 1600. Ku duba shekarar da kyau. Lokacin da Detroit ke tsaka da tashen V8, wata ƙaramar motar Jamus ta riga ta fara shan mai da lissafin lantarki.

13/ Saboda haka kafireta ta zauna a kan 426 Hemi da 454 ne don ita ce mai araha kuma abin dogaro a lokacin, ga fetur kamar kyauta. Ba wani tsarki gare ta ba. Wanda ya sa injekta yau aikin da Detroit ta fara ta kasa ƙarasawa yake ƙarasa mata.

14/ Hatta NASCAR, gasar da ta fi kowa riƙo da kafireta, ta sake ta a babban rukuninta a 2012. Kuma Holley, kamfanin da sunansa ya zama kamar sunan kafireta, shi ne yau ke sayar da Sniper. In kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza.

15/ Inda suke da gaskiya zan ba su. Akwai motocin da tarihi ne su kansu. Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi ba su wuce 12 da aka ƙera ba, an sayar da ɗaya dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum a 2014. Irin wannan ko kusa ɗaya kar ka canza. Na yarda.

16/ Amma guda nawa ne haka? Mafi yawa motoci ne da suka sha hannu, wasu an canza musu inji tun da daɗewa. Kuma irin su Sniper da FiTech a mazaunin kafiretar suke zama, kusoshi huɗun nan dai. Ka rufe da murfin filtar iska, sai mai ido zai gane. Kafiretar ka adana ta a kwali, duk ranar da ka so ka mayar.

17/ Yanzu bari in juyo kan ɗaya ɓangaren, 'yan "ɗaura ka tafi". Ku ma ba ku tsira ba. Injekta ba layar ƙarfin doki ba ce. In ka take totur har ƙasa, kafireta da gwani ya saita za ta ba da ƙarfi kusan ɗaya. Ribar tana wajen tashi da safe, tsayuwa a cunkoso, da tuƙin yau da kullum.

18/ Kuma ba ta warkar da inji mara lafiya. Ringi ya cinye, bawul na yoyo, saitin wuta ya kauce, sai mutum ya sayo kwamfuta ya ɗora a kai yana jiran mu'ujiza. In ta ƙi ya hau intanet yana zagin injekta. An bar jaki ana dukan taiki kenan.

19/ Babban aikin ma a tanki yake. Kafireta da matsin mai psi 5 zuwa 7 take rayuwa. Waɗannan na'urorin kusan psi 58 suke so. Tsohon famfo ba zai iya ba. Sai famfon lantarki, gara na cikin tanki, da filta, da tiyo mai jure matsi, galibi har da layin mayar da rarar mai.

20/ Wannan ba wasa ba ne fa. Ka bar tsohon tiyon roba da ya shekara 50 ka tura masa psi 58, a kusa da bututun hayaƙi mai zafi, wallahi gobara ka gayyato. Na'urar kanta za ta ci dala dubu ɗaya da 'yan kai, kayan mai su ci nasu. Wanda ya yi rowa a nan, araha ba ta ado.

21/ Sai wayarin. Wuta da as kai tsaye daga batir ake jawo su, kuma a nisanta wayoyin sensa da na fulogi, in ba haka ba tartsatsin ya rikita kwamfutar. In salansa na da ɓuli kafin sensa, iskar waje za ta shiga, kwamfuta ta ɗauka mai ya yi kaɗan ta yi ta ƙarawa.

22/ "Tana koyo da kanta" da ake talla gaskiya ne, amma da iyaka. Gyara take yi a kan abin da ka shigar mata. Ka ba ta girman inji ba daidai ba, ko injin na da kamshaf irin na tsere, sai ka nemi mai saiti. Kuma in ba ka ba ta ikon sarrafa wuta ba, rabin amfanin ka bari.

23/ Abin dariyar, mu a nan baya muke yi. Kowa ya san motocin Kwatano da ake cire wa injekta a garejinmu a ɗaura kafireta, don sensa ɗaya ta mutu an rasa mai gano ta. Mai motar ya koma shan mai kamar rijiya. Tsoro ɗaya ne da na 'yan asalin can: abin da ba ka iya ba, sai ka ce ba shi da kyau.

24/ Matsayata a taƙaice: mota ta musamman mai lambobin asali, a bar ta. Wanda ya iya saita kafireta kuma yana jin daɗin hakan, Allah ya ba da sa'a, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma kar ya ɗaga wa wani hanci don ya zaɓi motar da ke tashi a murzawa ɗaya.

25/ Abin da ke kashe tsohuwar mota zama ne. Mai ya lalace a tanki, roba ta bushe, birki ya kame, ɓera ya tare a kujera. Charger da ake hawa duk mako da injekta ta fi wadda ke lulluɓe da tamfol shekara biyar don mai ita ya gaji da yi mata magiya ta tashi.

26/ Wanda bai yarda ba ga fili nan. Amma ya zo da hujja: matsin mai, saitin wuta, lissafin iska. In "ai ƙararta ta fi daɗi" ce kawai hujjar, ƙarar daga kamshaf da salansa take fitowa, ba daga kafireta ba. Na gama.