Koken 'Yan Kasuwar Ojo Kan Katin Bashin da Ba Mu Nema Ba

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Babban Bankin Najeriya,
Mista Olayemi Cardoso,
Ta hannun Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna.

Ranka ya daɗe,

Mu 'yan kasuwa ne da ke neman abinci a Alaba Rago da Okokomaiko da kewayensu, a ƙaramar hukumar Ojo ta jihar Legas. Cikinmu akwai masu raguna da awaki, da masu hatsi da albasa, da 'yan gwangwan, da direbobin da ke sauke kaya daga Arewa. Kukanmu a kan abu ɗaya ne: katin bashin da ake buɗe wa mutum bai nema ba, sannan a hana shi hanyar rabuwa da shi ba tare da an ɓata masa suna ba.

Yawancinmu ba mu shiga harkar banki sosai ba sai farkon 2023, lokacin da takardun kuɗi suka ɓace daga kasuwa bayan an sauya fasalin naira. Mai sayen rago ya ce sai dai taransifa, dole ta sa kowa ya nemi asusu. A lokacin ne 'yan tallan wasu bankuna suka cika kasuwa da tebura da lemomi, suna miƙo fom mai shafi da yawa da ƙananan rubutun Turanci. Dattijon da ya iya karanta ajami da Larabci tsaf, amma bai yi boko ba, sai a nuna masa wuri da yatsa: "Alhaji, sa hannu nan, katin ATM ne kawai." Bayan wani lokaci sai ga kati na biyu a ambulan, ko saƙo a waya cewa an ware masa wasu kuɗi da zai iya kashewa. Ba wanda ya gaya masa cewa wancan katin kuɗinsa yake cirewa, wannan kuwa kuɗin banki ne da ruwa a kai. Kamannin su ɗaya, injin da ake sa su ɗaya, yaron shago ma da aka aika wajen mai POS ba ya bambance su.

A nan ne matsalar take ƙulluwa. Wanda ya karya katin ya jefar yana zaton ya huta, alhali asusun bashin na nan buɗe da lambarsa ta BVN, caji na hawa. Wanda ya adana shi a aljihu bai taɓa ba, shi ma ba shi da tabbacin abin da ake rubutawa da sunansa. Wanda ya rufe shagonsa ya tafi reshe domin a soke, sai a ce manaja ba ya nan, ko a ce sai ya biya abin da ya taru tukuna, ko a karɓi katin a ce an gama, ba takarda ba hatimi. Abin ya yi kama da a ɗaure wa mutum rago a turkensa cikin dare, gari ya waye a zo karɓar kuɗin dusa.

Ranka ya daɗe, mun nemi 'ya'yanmu masu karatu a jami'ar LASU da ke maƙwabtaka da mu sun karanta mana ƙa'idojinku, sai muka ga doka tana tare da mu. Ƙa'idar bayar da kati ta 2014 ta hana a miƙa wa mutum kati a kunne, ta kuma hana a caje shi a kan katin da bai nema ba matuƙar bai kunna shi da kansa ba. Dokar bayar da rahoton bashi ta 2017 ta ba kowa damar ganin rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, da damar ƙalubalantar abin da aka rubuta ba daidai ba. Akwai kuma ƙa'idojin kare masu hulɗa da bankuna na 2019. Rubutun ya yi kyau, sai dai bai iso Alaba Rago ba. Da yawa cikinmu ba su taɓa jin sunan CRC ko FirstCentral ko CreditRegistry ba, su ne kuwa kamfanoni uku masu lasisin adana tarihin bashin 'yan ƙasa, waɗanda banki ke dubawa kafin ya ba kowa rance. Mutum bai san akwai littafin da ake rubuta shi a ciki ba sai ranar da ya je neman jarin da zai ɗauko tirelar raguna gabanin babbar salla, a ce masa ana bin sa bashi a wani bankin. Kafin ya wanke kansa salla ta wuce, kasuwar shekara ta tafi.

Wani abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne tsarin GSI da ya fara aiki ranar 1 ga Agusta 2020, wanda ya ba mai bin bashi damar ɗibar kuɗinsa daga duk wani asusu da ke ɗaure da BVN ɗin wanda ake bi. Ba mu ƙi tsarin ba, domin mu ma mun san zafin mai cin bashi ya gudu. Amma tsarin ya ginu ne a kan izinin da mai cin bashi ya sa wa hannu, mu kuwa muna tsoron a cusa wannan izini cikin fom ɗin da aka ce mana na ATM ne. Kuɗin da ke kwana a asusun dillali sau da yawa ba nasa ba ne. Na mai dabbobi ne a Maigatari ko Illela ko Mai'aduwa, wanda ya ɗora kaya a mota bisa amana, yana jiran alat. Idan aka taɓa wannan kuɗi, da wane baki dillali zai yi bayani? Kasuwancinmu daga Arewa zuwa Ikko ba da takarda yake tafiya ba, da suna yake tafiya.

Ga kuma batun addini, wanda masu tallan nan ba sa ɗauka da nauyi. Akwai dattawa cikinmu da suka shekara arba'in suna kasuwa ba su taɓa ci ko ba da kuɗin ruwa ba. Wasu ma saboda haka suka koma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa tun da Jaiz ya buɗe a 2012. A wayi gari irin wannan mutum ya ga an rubuta masa ruwa a kan bashin da bai ci ba, wannan ya wuce asarar kuɗi a wurinsa.

Ba mu ne farkon waɗanda aka yi wa haka ba. A Amurka, a 1958, wani banki ya aika wa mutanen garin Fresno katuna kusan dubu 60 ba su nema ba, wasu bankunan suka bi sahu, har sai da majalisarsu ta haramta wannan ɗabi'a a 1970. Yanzu da gwamnatin tarayya ta kafa hukumar CREDICORP a 2024 domin yaɗa sayen kaya bashi, katunan nan ƙaruwa za su yi, shi ya sa muka ga gara mu yi magana tun da wuri.

Mu dai mun yi abin da za mu iya. Ana sanarwa a masallatan kasuwa cewa duk wanda irin wannan kati ya zo masa kada ya kunna, kada ya ba yaro, kada kuma ya jefar. Ya rubuta wa banki takardar neman a rufe, ya karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata, idan mako biyu suka wuce ba amsa ya kawo ƙara wurinku, bayan haka ya nemi rahoton bashinsa ya duba. Amma mai awon hatsi ba lauya ba ne, kuma bai kamata ya yi asarar ciniki yana warware ƙullin da ba shi ya ƙulla ba.

Saboda haka muna roƙon ku umarci bankuna su raba fom ɗin katin bashi da na buɗe asusu, izinin GSI kuma ya zama takarda mai zaman kanta da za a karanta wa mutum da harshen da yake ji kafin ya sa hannu. Duk katin da ba a nema ba, a rufe shi ranar da mai shi ya kai koke, ba tare da ko kwabo ba, a ba shi takardar shaidar cewa ba a bin sa komai, bankin da kansa kuma ya rubuta wa kamfanonin nan uku su goge abin da aka shigar. Wanda aka riga aka cire wa kuɗi a mayar masa. Bankin da ya maimaita a ci tararsa a fili yadda sauran za su ji. Muna kuma roƙon ku turo jami'anku Alaba Rago da mai jin Hausa, su zauna ko da yini guda ne, mutane su kawo katunansu a duba musu sunayensu nan take. Rumfa da kujeru da mai shela duk mun ɗauka.



Mu ne naku,
'Yan kasuwar Alaba Rago da kewaye,
Ƙaramar Hukumar Ojo, Jihar Legas.