Kawunan Jirgi Goma da Hanyar Kontagora

Duk ɗan Kontagora da ke zaune a Sabon Badun ko Agege ya san wahalar zuwa gida. Daga Jebba zuwa Mokwa har Kontagora, motarsa tana kokawa da gingimari da tankoki a kan kwalta guda, ramuka kuwa sai wanda ya gani. Amma an sami waɗansu masu ta-zarce a baki suna cewa wai zamanin jirgin ƙasa ya wuce, mota ta gaje shi. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa kai shanu Ikko ba.

Bari a tuna musu. A shekarar 1955, wadda aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, kamfanin English Electric na Ingila ya ƙera wa ƙasar nan kawunan jirgi goma masu aiki da man gas da lantarki. Injin gas ne yake juya janareta, wutar kuma ta juya ƙafafun jirgi. Ba su jiran kwal daga Inugu, ba su tsayawa shan ruwa tasha-tasha kamar na tururi, abin da ya dace da ƙasar da rani yake ƙafar da rijiyoyinta.

To, me ya kashe su da waɗanda suka biyo bayansu? Sakaci ne da rashin safaya. Har aka ɗauko 'yan Indiya a 1979 su riƙe hukumar, suka tafi a 1982, aka koma gidan jiya. Jirgin Ikko zuwa Kano ya yi shekaru a kwance kafin a tashe shi a 2012.

Abin takaici kuma, Turawa sun bi da dogo ta Zungeru da Minna don amfanin kansu, suka bar garin Nagwamatse a gefe. An sami mulkin kai a 1960, an yi Jihar Neja a 1976, har yau ba a kai reshe Kontagora ba, alhali kuwa masara da wake da dabbobin ƙasar Sarkin Sudan suna ciyar da biranen Kudu. Kuɗin mota da asarar hanya kuwa a kan talaka suke ƙarewa.

Saboda haka wajibi ne sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin fatake na Kudu su tambayi duk mai neman ƙuri'a: yaushe dogo zai isa Kontagora, kuma wa zai riƙa gyaran kawunan jirgi? Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah ya sa masu mulki su ji.