Wasiƙa a buɗe ga likitocin tiyata da ma'aikatan ɗakin gwaji na Jazira da Shuɗin Nilu

Wannan wasiƙa ta shafi dabarar tambari da Dudgeon da Patrick suka bayyana a Landan a 1927, wato a danna fuskar tsokar da aka yanko a tiyata a kan gilashi domin ƙwayoyin halittarta su manne, a rina su, a duba da madubin likita, amsa ta fito cikin 'yan mintoci tun majiyyaci yana kan gadon aiki. Ɗaya hanyar gaggawar, wadda ake daskarar da tsoka a yanka ta, tana buƙatar na'ura mai tsada da wutar da ba ta yankewa, abin da ya ƙara wuya tun da yaƙin 2023 ya taɓa Wad Madani, mazaunin Cibiyar Ciwon Daji ta Jami'ar Jazira. Matar da ta taso daga Mai Wurno ko ƙauyukan Damazin da ƙullutu a mama ba lallai ta samu kuɗin dawowa ba, saboda haka amsar rana ɗaya tana da daraja ƙwarai.

Wajibi ne a yi tambarin kafin tsokar ta shiga fomalin, domin wannan ruwa yana ƙanƙame ƙwayoyin su ƙi mannewa. A tsane jini, a danna a hankali ba tare da gogawa ba, kasancewar gogawa tana murƙushe su. Gilashin da za a rina da Giemsa a bar shi ya sha iska, na Papanicolaou kuwa a tsoma shi nan take cikin sifirit mai ƙarfin kashi 95.

Inda hattara ta fi wajaba shi ne fassara. Tambari yana nuna ƙwayoyi, amma ba ya nuna ginin tsoka, don haka ba ya rarrabe dajin da ke tsare cikin bututun nono da wanda ya keta ya bazu, ƙari mai tauri kuma yakan saki ƙwayoyi kaɗan har gilashi ya fito kamar lafiya lau. Haka nan ba kowane kumburi ne daji ba a wannan yanki, inda tarin fuka kan kama kaluluwa, nabit kuma, wato ciwon da ke cin ƙafar manomi yana fitar da tsaba, ya yawaita. Kada a cire mama dungurungum bisa gilashi mai shakka, kuma ko amsa ta fito fili, a tura ragowar tsokar cikin fomalin zuwa cikakken gwaji, da lambar majiyyaci a jikin kwalbar.